Kwana biyar a ƙauyen bakin teku da yara: me za mu kalla, me za mu kiyaye?

Wani bawan Allah ya aiko da tambaya cewa shi da iyalinsa za su yi kwana biyar a wani ƙauye na bakin teku, nesa da birni, inda babu wurin wasan yara, babu manyan kantuna. Yaran uku ne, babban cikinsu shekararsa 12, kuma duk gidan ba wanda ya iya iyo. Yana son sanin abin da za su kalla, abin da za su yi, da abin da za su kiyaye.

Malam, kada ka ji tsoron cewa kwanakin za su yi muku tsawo. Na daɗe ina raka baƙi a irin waɗannan wurare, kuma ban taɓa ganin yaron da ya gaji da bakin teku ba matuƙar an kai shi a lokacin da ya dace. Lokacin nan shi ne kan maganar. Teku yana da nasa agogon, duk abin da za ku gani ko ku yi a can yana bin wannan agogo ne. Wanda ya san shi zai ga abubuwa goma a inda wani zai ga rairayi da ruwa kawai, kuma shi ne zai koma gida da yaransa lafiya.

A yawancin gaɓoɓin duniya ruwan teku yana cikowa sau biyu, ya janye sau biyu, a cikin awa 24 da minti 50. Tsakanin cikowa da cikowa awa 12 ne da minti 25. Ka lura da minti hamsin ɗin nan: idan yau ruwa ya gama janyewa da ƙarfe tara na safe, gobe sai wajen goma saura minti goma, jibi kuma ya ƙara matsawa. A kwana biyar ɗinku lokacin zai gusa da fiye da awa uku. Shi ya sa ba a cewa "jiya war haka mun bi ta nan lafiya". Wata ne ke jan ruwan, rana na taimaka masa. Idan suka yi layi ɗaya da duniya, wato a tsayuwar sabon wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, ruwa yakan ciko sosai ya kuma janye sosai, galibi da jinkirin kwana ɗaya ko biyu. A wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuwa motsin kaɗan ne. Kai da ka saba lissafin wata ka riga ka riƙe rabin ilimin.

Sauran rabin kuwa wurin ne ke da shi, don gaɓa ta bambanta da gaɓa. A mashigin Fandi na ƙasar Kanada tazarar da ke tsakanin cika da janyewa takan kai mita 16, tsawon bene mai hawa biyar. A yawancin gaɓar Bahar Rum ba ta kai rabin mita ba, har baƙo ba ya lura da ita. Akwai ma wurare a mashigin Meziko da ruwa ke cikowa sau ɗaya tak a yini. Saboda haka kafin ku tashi ka nemi jadawalin cika da janyewar ruwa na tashar jiragen ruwa mafi kusa da ƙauyen. Ana samunsa a intanet. Ka kwafe shi a takarda da hannunka, don a ƙauye waya kan rasa sabis a daidai lokacin da ake bukatarta. Idan kun isa, ka kai takardar wurin masunta ka tambaye su ko ta yi daidai da abin da suke gani. Baƙo ko da ido makaho ne, su kuwa a kan ruwan nan suka tashi.

Akwai wani lissafi da matuƙa jirgi ke yi wanda nake so ka haddace. Ruwa ba ya cikowa da gudu ɗaya. A raba dukkan hawansa kashi 12: awa ta farko kashi 1 yake hawa, ta biyu kashi 2, ta uku kashi 3, ta huɗu kashi 3, ta biyar kashi 2, ta shida kashi 1. Rabin ruwan gaba ɗaya yana zuwa ne a awa biyun tsakiya. A gaɓar da tazararta mita 6 ce, awa ta farko rabin mita kawai zai hau, sai mutum ya saki jiki ya ce ai a hankali yake zuwa. A awa ta uku kaɗai zai hau mita ɗaya da rabi. Kuma a shimfiɗaɗɗen fili ba ta gaba yake zuwa ba, ƙoramu yake fara cikawa ya zagayo ta bayanka, kafin ka waiwaya kana tsaye a tsibiri. Haka ta faru a mashigin Morkam na Ingila a watan Fabrairun 2004, inda ruwa ya rutsa da 'yan ƙasar Sin masu tsintar wata irin katantanwar teku da ake ci cikin dare, fiye da mutum 20 suka rasu.

To ga amfanin sanin. Ku fita awa biyu kafin ruwa ya gama janyewa, ku bi shi yana ja da baya, ku juyo da zarar ya tsaya. In akwai wuri mai duwatsu, can za ku nufa. Ruwa idan ya janye yakan bar ƙananan kududdufai a ramukan dutse, kowane ɗaya duniya ce guda. Ka sa yaran su tsuguna a gefe, su hana inuwarsu faɗawa cikin ruwan, su yi shiru minti uku. Da farko ba za su ga komai ba sai tsakuwa da gansakuka. Can sai wata katantanwa ta miƙe ta fara tafiya da ƙafafu, ashe wata 'yar ƙaguwa ce da ta ari gidan da mai shi ya mutu ya bari, in ta ƙara girma kuma ta nemi wanda ya fi shi. Sai abin da suka ɗauka fure ne ya buɗe yatsunsa ya cafke ɗan abinci. Sai jatan lande mai jiki kamar gilashi ya gilma, ba ka ganin komai nasa sai idanu. Na taɓa ganin yarinya 'yar shekara shida ta yi kusan awa guda a bakin kududdufi ɗaya, ana kiranta cin abinci tana cewa a jira ƙaguwar ta gama sauya gida.

Ka koya musu ladabin wurin. Dutsen da aka ɗaga a mayar da shi yadda yake, don halittun da ke ƙarƙashinsa rana za ta kashe su. Ba a zura hannu a ramin da ido bai ga ƙarshensa ba. A tekuna masu ɗumi akwai wata katantanwa mai siffar mazurari, kyakkyawar gaske, da ke harbi da dafi, don haka katantanwar da ke da rai a bar ta a inda take. Abin nan mai kama da leda mai yauƙi da ruwa kan jefo gaɓa yana harbi ko bayan ya mutu. Kowa ya sa takalmi mai kama ƙasa wanda ba ya jin ruwa, domin koren gansakuka ya fi sabulu santsi. Kuma mutum ɗaya babba ya riƙa fuskantar teku a kowane lokaci. Igiyoyin ruwa ba girmansu ɗaya ba, bayan ƙanana da yawa sai babba ta zo ta haye dutsen da ya daɗe a bushe.

Yanzu maganar shiga ruwa, kuma a nan zan tsananta. Tunda ba wanda ya iya iyo, iyakarku gwiwa, yaran kuma idon sawu zuwa ƙwauri, hannunsu cikin na babba. A gaɓar ƙauye da wuya a sami masu aikin ceto. Abin da ya fi cin mutane a bakin teku shi ne wani siririn kwararon ruwa mai komawa ciki. Igiyoyi na tara ruwa a gaɓa, ruwan kuma dole ya nemi hanyar komawa, sai ya fasa ta wani gibi a tudun yashin da ke ƙarƙashi ya kwarara kamar kogi. Faɗinsa sau da yawa bai wuce mita 25 ba, amma gudunsa kan kai mita biyu da rabi a daƙiƙa, abin da ko gwanin iyo ba ya iya tunkara. A Amurka fiye da kashi 80 cikin 100 na ceton da ake yi a gaɓoɓi masu igiya wannan kwararo ne sanadi. Abin da ke sa shi yaudarar baƙo shi ne kamanninsa: dama da hagu igiyoyi na fashewa da farin kumfa, shi kuwa tsakiya a kwance, duhu-duhu, kamar nan ne ya fi aminci. Uba mai tausayi sai ya ce yara su shiga ta nan. Ka hau tudu ka kalli gaɓar na minti goma kafin kowa ya jiƙa ƙafa, za ka gan shi, wani lokaci har da kumfa ko ciyayi suna bin sa zuwa ciki.

Kwararon nan ba ya danna mutum ƙasa, jansa yake yi nesa da gaɓa, kuma ƙarfinsa kan mutu a bayan inda igiyoyi ke fashewa. Gajiya da firgici ne ke kisa. Wanda ya faɗa ya kwanta rigingine, ya buɗe hannu da ƙafa, ya ɗaga hannu ɗaya ya yi kira. Wanda ke gaɓa kada ya bi shi da jikinsa, ya jefa masa duk abin da ke yawo a kan ruwa, ko da jarka ce marar komai, ya kira masu kwale-kwale. Na san wannan magana tana da nauyi a zuciyar uba, amma sau da yawa wanda ya shiga ceto ba tare da abin riƙewa ba shi ne ba ya fitowa. Robar nan da ake hura wa iska yara su hau, ku bar ta a gida. Idan iska na kaɗawa daga tudu zuwa teku, cikin 'yan mintuna za ta yi nisa da yaro.

Iskar ma tana da lokacinta. Da rana ƙasa ta fi ruwa saurin yin zafi, sai iska ta taso daga teku ta nufo tudu, ta yi ƙarfi bayan azahar ta tayar da ruwa. Da dare abin ya juya. Don haka in za ku shiga jirgi, sassafe ne lokacinsa, sa'ar da ruwa ke kwance. Ina ba ku shawarar ku shiga, amma a bakin kogi ko tafkin da ke bayan gaɓa, inda igiya ba ta kaiwa. Sharaɗina ɗaya ne ba na sassautawa: rigar ceto ga kowa, daidai jikinsa, a ɗaure. Rigar babba a jikin yaro zamewa take ta kansa. Mai jirgin da ya ce ba a bukata, ka gode masa ka nemi wani. Ku kuma guji ratsa daidai inda kogi ke haɗuwa da teku lokacin da ruwa ke janyewa, don nan ne ruwan fita ke karo da igiyar shigowa. Wanda jiri ya kama ya zauna tsakiyar jirgi ya kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa.

In yankin mai zafi ne, wataƙila jirgin ya shiga da ku dajin itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri, masu saiwoyi a waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Saiwoyin nan numfashi suke yi, domin lakar da suke ciki ba ta da iska. A tsakaninsu ƙananan kifaye ke girma kafin su fita teku, kuma su ne ke karya ƙarfin igiya kafin ta isa gidajen mutane. Mafi girman irin wannan daji shi ne Sundarban, tsakanin Indiya da Bangladash, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 10,000. Ka roƙi mai jirgi ya kashe inji na ɗan lokaci. Za ku ji lakar tana ƙas-ƙas, ku ga wani kifi mai idanu a saman kai yana tsalle a kan taɓo, da ƙaguwoyi masu hannu ɗaya ƙato suna ɗaga shi sama. A shafa maganin sauro kafin a shiga.

Tsuntsaye kuma akasin kududdufai ne, lokacin cikowa ake kallonsu. Idan ruwa ya janye suna can nesa a kan laka suna kiwo. Ku zauna a wuri ɗaya awa biyu kafin ruwa ya gama cika, shi da kansa zai koro muku su har gabanku. Madubin hangen nesa guda ɗaya ya ishe ku. Za ku gane zalɓe da balbela, wataƙila da kwasakwasa, amma ku kula da ƙananan nan masu launin ƙasa da dogon baki, waɗanda ido ke rainawa. Su ne matafiya. Fiye da miliyan biyu daga cikinsu ke sauka kowace shekara a gandun Bankin Argin na gaɓar Muritaniya, wanda aka kafa a 1976, wasu daga can arewacin Turai da Saiberiya. A watan Oktoban 2022 an bi sawun wani ɗan tsuntsu mai wata biyar da ya tashi daga Alaska bai sauka ba sai a Tasmaniya, kilomita 13,560 cikin kwana 11. Ka faɗa wa yaran wannan, sa'annan ka hana su kora garken don su ga tashinsa. Kowane tashin banza yana cinye kitsen da tsuntsun ya tara don hanya.

Ku ware yini ɗaya don tafiyar ƙafa a hanyar da ke bin gaɓa ta tudu. In akwai hasumiyar fitilar jirage ko wani tsauni, ku hau. Mutumin da ke tsaye a bakin ruwa ba ya hangen abin da ya wuce kilomita 5, amma daga tsayin mita 100 zai hango kusan kilomita 36. Daga sama ne ake ganin dolfin, wata dabbar teku mai kama da babban kifi, da hucin manyan kifayen nan masu shayarwa idan lokacin wucewarsu ne. A yi nesa da bakin gangare, kada kuma a zauna a gindinsa neman inuwa, musamman bayan ruwan sama, don yakan rufto ba sanarwa. A tuddan rairayi ku bi hanyar da aka riga aka taka, ciyawar da ke kansu ita ke riƙe da su. Tafiya a yashi ta fi ta ƙasa cin ƙarfi, saboda haka ka rage nisan da ka saba. Ku ɗauki ruwan sha fiye da yadda kuke zato, na teku akwai gishiri gram 35 a kowace lita, ƙishi yake ƙarawa. Sanyin iska kan ɓoye zafin rana, ga yashi da ruwa suna maido da haskenta, sai a sa hula da riga mai dogon hannu. In aka ji tsawa a bar gaɓa nan take. Ka sanar da mai masaukinku inda kuka nufa da lokacin dawowa.

Kada ka manta ƙauyen ba don baƙi aka kafa shi ba, wurin neman abincin mutane ne. Ku tashi da asuba ku ga dawowar jirage, ku ga yadda ake jan taru, mutum ashirin ko talatin a kan igiya ɗaya. A yi sallama, a nemi izini kafin a ɗauki hoton kowa, kada a tsallake koma da aka shanya ko a hau jirgin da aka jingine. In ka zauna kusa da dattijon da ke ɗinkin koma ka tambaye shi yadda yake gane hadari tun bai taso ba, abin da za ka ji ya fi abin da na rubuta maka.

Abu ɗaya da ba kasafai yake faruwa ba amma dole a sani: in ƙasa ta girgiza, ko ruwa ya janye farat ɗaya ba a lokacinsa ba har kifi na birgima a fili, ku gudu tudu, kada ku tsaya kallo. A ranar 26 ga Disamban 2004, a gaɓoɓin tekun Indiya, mutane da yawa sun bi ruwan da ya janye don mamaki, tsunami, wato katafariyar igiyar da girgizar ƙasa ta tayar, ta same su a can.

Na bar dare a ƙarshe don shi na fi so. Inda babu wutar lantarki sosai, ku kashe tocila ku ba idanunku minti 20 zuwa 30 su saba da duhu, taurari za su fito da yawan da yaran birni ba su taɓa gani ba. In duhun wata ne kuma ruwan na da ɗumi, ka sa ƙafa ka motsa shi a bakin gaɓa. A wasu wurare sai ya yi tartsatsin haske shuɗi-shuɗi, ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, masu haskawa idan an taɓa su.

In kuka yi sa'a gaɓar tana cikin waɗanda kififiyar teku ke hawa yin ƙwai, kuma lokacin ya yi, ku nemi mai rakiya daga masu kula da su. Iri 7 ne a duniya. Uwar takan dawo yankin da aka ƙyanƙyashe ta bayan shekaru masu yawa, ta jawo jikinta da ƙyar har saman yashi, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai wajen 100, ta rufe ta koma. Zafin yashi ne ke yanke jinsin 'ya'yan: sama da digiri 29 mata sun fi yawa, ƙasa da haka maza. Bayan kamar wata biyu sai su fito cikin dare su nufi inda ya fi haske, wanda a asali shi ne fuskar teku. Fitilar waya guda ɗaya ta isa ta juya su zuwa tudu, inda ƙaguwa da tsuntsaye da zafin safiya ke jiransu. Saboda haka ba farar fitila, ba walƙiyar kyamara, sai jar fitila in mai rakiya ya yarda. Ku tsaya ta bayan uwar, ku yi ƙasa da murya, kada kowa ya matsa sai ta fara zuba ƙwan, don kafin nan ƙaramin motsi kan sa ta fasa ta koma ruwa. 'Ya'yan kuma kada a ɗauke su a kai su ruwa don tausayi, a bar su su taka yashin da kansu. Kafin ku bar gaɓa da yamma, yaran su cike ramukan da suka haƙa su baje gine-ginen yashinsu, domin ramin da bai kai zurfin gwiwar yaro ba ya isa ya tare ɗan kififiya har gari ya waye.